Maganin farfaɗiya da kuɗin aljihu: wanne za ka iya riƙewa duk wata?

Duk wanda yake da mai farfaɗiya a gida ya san lissafin nan. Ba irin maganin maleriya ba ne da za ka sha na kwana uku ka manta, wannan kullum ne, safe da dare, wata ya bi wata shekara ta bi shekara, kuma mu nan Arewa mutum nawa ne ke da inshorar lafiya? Daga aljihu ake zarowa. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 kuwa abin ya ƙara dagulewa, a watan Agustan shekarar masu kamfanin magunguna na GSK suka ce sun daina harka kai tsaye a Najeriya, kamfanin Sanofi masu yin maganin farfaɗiya na Epilim su ma a Nuwamba suka ce za su miƙa rarraba kayansu ga wasu, maganin da ka saba saye ka je yau a ce babu, ka koma jibi a faɗa maka kuɗin da sai ka sake tambaya ko ba ka ji daidai ba.

Toh ni abin da nake so mu duba ba wai wanne magani ya fi kowanne a takarda ba. Wanne ne ya dace da ciwon, kuma gidanku zai iya saye duk wata ba fashi, shi ne magana. Don ita farfaɗiya abin da ta fi tsana shi ne a sha yau a bari gobe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum kusan miliyan 50 masu ciwon a duniya, har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in an gano ciwon daidai an ba su magani daidai, amma a ƙasashen talakawa kashi uku cikin huɗu ba sa ma samun maganin. Kaga matsalar ba rashin magani mai aiki ba ne, rashin ɗorewa ne.

Mu fara da na ƙasa a farashi, finobabiton. Tsohon hannu ne, tun 1912 ake ba da shi, kuma har yau shi ne mafi araha nesa ba kusa ba, galibi sau ɗaya ake sha da daddare shikenan. Ga mutumin ƙauye mai irin faɗuwar nan da jiki ke sanƙarewa yana jijjiga, wallahi ya ceci mutane da yawa, kuma ban ga dalilin da wasu ke raina shi wai maganin talakawa ba, ai yana aiki. Sai dai yana da nasa. Yana sa barci da kasala, ɗalibi zai ce maka kansa ya yi nauyi a aji, yara kuma wani lokacin akasin haka yake musu, yaro ya zama ba ya zama wuri ɗaya, rigima da ƙiriniya har malamai su fara kawo ƙara. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci ga mai lissafin kuɗi, shi ne mafi haɗari a yanke shi lokaci ɗaya. Kuma yana cikin magungunan da hukuma ke sa wa ido saboda 'yan shaye-shaye, don haka ba kowane famasi ke ajiye shi ba, wasu sai da takardar likita sabuwa. Araharsa na gaske ce amma fa sai ka tabbatar da inda za ka riƙa samu kafin ka dogara da shi.

Kabamazefin, wanda kowa ya fi sani da Tegretol, shi ne na fi gani a hannun mutane a garuruwanmu. Yana da kyau sosai ga farfaɗiyar da ke farawa daga ɓangare ɗaya na ƙwaƙwalwa, irin wadda mutum zai ji alama tukuna, ko hannu ɗaya ya fara karkarwa, ko ya yi ta tauna baki bai san inda yake ba. Kuɗinsa tsaka-tsaki ne in ɗan Indiya ka saya, wato irinsa da kamfanonin Indiya ke yi, in ka nace sai orijinal na kamfanin Novartis kuwa aljihu zai ji a jikinsa. Amma akwai inda ba ya yi, har ma ƙara ciwon yake, kamar yaran nan da suke ɗaukewa na 'yan daƙiƙu su ƙura ido su dawo, ko matashin da ke zabura da safe kofin shayi ya suɓuce masa. Shi ya sa aron magani daga maƙwabci don "ai ciwonsu ɗaya" ganganci ne. In aka fara shi kuma ƙuraje suka feso, baki ko ido ya yi ja da zazzaɓi, wannan ba na jira ba ne, asibiti a ranar.

Akwai wani kuɗi na ɓoye da waɗannan biyun da ɗan'uwansu fenitoyin, wato Epanutin, suke jawowa wanda ba a cika faɗa wa mutane ba. Suna sa hanta ta riƙa cinye wasu magungunan da sauri. Matar da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa ko take da ashanar hannu sai ta ga ciki ya shiga alhali ba ta yi fashi ba, don haka tun farko ta gaya wa ma'aikaciyar tana shan maganin farfaɗiya a canza mata zuwa allurar wata uku ko robar mahaifa. Haka mai shan maganin ƙanjamau, wani lokacin sai an gyara masa adadin da yake sha. Kai har maganin maleriyar nan irin su Coartem da muke sha kamar gyaɗa da damina, kabamazefin da fenitoyin na rage masa ƙarfi. Duk inda za a rubuta maka wani magani ka faɗa, ko ba a tambaye ka ba.

Shi fenitoyin ba zan daɗe a kansa ba. Yana da sauƙin kuɗi in an samu, amma tazarar da ke tsakanin adadin da ke aiki da wanda ke sa jiri da tangaɗi ƙarama ce ƙwarai, ga kumburin dasashi da gashin fuska da 'yan mata ba sa yafe masa.

Sai sodiyam balfurowet, Epilim kenan. Wannan ya fi waɗancan tsada amma yana da faɗi, yana kama kusan kowane irin faɗuwa har da waɗancan biyun da na ce kabamazefin na ɓatawa, shi ya sa likitoci ke son sa musamman in ba a samu yin gwajin ƙwaƙwalwa ba. Ga namiji ko yaro wanda ya ɗan tasa magani ne mai kyau, in ka ɗauke ƙiba da zubewar gashi da rawar hannu da wasu ke samu, da kuma gwajin hanta da ake so a riƙa yi musamman a farkon farawa, shi ma kuɗi ne ka sa a lissafi. Amma ga budurwa ko matar aure mai haihuwa labarin daban ne, kuma dan Allah a nan a nutsu. Cikin jarirai 10 da uwarsu ta sha shi da ciki, kusan 1 na zuwa da nakasa, irin buɗaɗɗen ƙashin baya ko tsagewar leɓe, sannan 3 zuwa 4 cikin 10 na samun jinkirin magana da wahalar karatu. A Ingila har sai mace ta sa hannu a takarda duk shekara kafin a ci gaba da ba ta. Mu kuma a nan yarinya za a ɗora ta a kai tana 'yar shekara goma sha biyu, ta samu sauƙi, kowa ya manta, a yi mata aure ba wanda ya koma wurin likita, wasu ma dangin miji ake ɓoye wa ciwon gaba ɗaya. In akwai maganar aure a gaba a koma asibiti tun kafin a sa rana, don canjin magani na ɗaukar watanni. In kuma cikin ya riga ya shiga kar ta jefar da ƙwayar da kanta, faɗuwa da ciki haɗari ne ga su biyun, ta je a duba a cikin satin.

Toh me za a ba ta? Nan lebetirasitam, wato Keppra, da lamotirijin, wato Lamictal, suke shigowa, su ne bincike ya nuna sun fi sauƙin haɗari ga ciki. Lebetirasitam shi ne ɗan gayun cikinsu, Amurka ta amince da shi a 1999, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan dole a 2023. Ba ya faɗa da sauran magunguna, ba ya buƙatar yawan gwajin jini, ana iya kaiwa adadin da ake so da wuri. Illarsa da aka fi kuka da ita saurin fushi ne, mutum mai haƙuri ya koma abu kaɗan ya hau sama, har gida a fara cewa ko aljanun ne suka dawo. Sai kuma kuɗi. A yawancin famasi shi ne mafi tsada a cikin duk waɗanda na lissafa ko da ɗan Indiya ne. Ra'ayina a nan, kuma na san wasu ba za su so ba: in namiji ne yana zaune lafiya a kan kabamazefin ko finobabiton ba ya faɗuwa, ban ga dalilin kwasar gida a koma Keppra don kawai an ce shi ne na zamani ba, a sha wata biyu kuɗi ya ƙare a koma zaman babu. Amma ga mace mai shirin haihuwa, ko mai shan maganin ƙanjamau, ƙarin kuɗin yana da hujja, in dangi za su yi karo-karo a nan ya kamata su yi. Shi kuma lamotirijin sai an yi haƙuri, da kaɗan-kaɗan ake hawa da shi tsawon makonni saboda ƙuraje masu haɗari, kuma in aka yi fashin kwanaki sau da yawa sai an koma farko an sake hawa, don haka bai dace da wanda samun maganinsa ke yankewa ba.

Duk wannan likita ne zai zaɓa ba kai ba, amma likita ba ya ganin cikin aljihunka. Mutanenmu akwai kunya, a rubuta masa takarda ya ce na gode ya fito, ya je famasi ya ji kuɗi ya ninke takardar ya sa a aljihu ya wuce gida. Ka buɗe baki ka ce likita ga abin da nake iya fitarwa a wata, a cikin wanda zai yi wa ciwon nan wanne ne zan iya riƙewa? Ba su jin haushin wannan tambayar, abin da ke ba su haushi shi ne a kawo mara lafiya a sume bayan wata uku a ce ai tun tuni ya daina sha.

Yanzu maganar orijinal da ɗan Indiya. Sinadarin ɗaya ne, in kamfanin kirki ne kuma yana da lambar NAFDAC aikinsu ɗaya, bambancin kuɗin kuwa wani lokacin ninki ne ba ɗaya ba. Don haka fara magani da ɗan Indiya mai kyau ba faɗuwar daraja ba ce. Inda gizo ke saƙar shi ne tsalle-tsalle, wannan watan kwalin shuɗi, wata mai zuwa na wani kamfani, na gaba duk wanda aka samu. Hukumar kula da magunguna ta Ingila ta raba magungunan farfaɗiya gida uku a kan wannan, ta sa finobabiton da fenitoyin da kabamazefin a gidan da ta ce a tsaya a kan kamfani ɗaya, balfurowet da lamotirijin a tsakiya sai yadda likita ya gani, lebetirasitam kuma a gidan da canjin kamfani bai cika damuwa ba. Abin dariya masu arahar su ne ba sa son a yi musu canji. Abin da nake ba mutane shawara, ka ɗauki hoton kwalin a waya gaba da baya, ko ka riƙa tafiya da tsohon katin da aka ɓare, ka ajiye a kan kanta ka ce irin wannan sak. Ka duba ko akwai CR a jiki, don mai CR a hankali yake narkewa a ciki kuma ba daidai yake da mara shi ba ko da duka 200 aka rubuta. In dole ta sa an canza kamfani, a sa ido sosai a makonnin farko, ban da hawa babur, ban da zuwa rafi ko rijiya shi kaɗai, ban da zama gaban murhu.

A ina za a saya? Famasin asibitin gwamnati galibi ya fi sauƙi kuma hankali ya fi kwanciya da ingancin kayan. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da na Dawanau a Kano, duk suna ganin masu farfaɗiya, haka asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika. Na san abin da ke hana wasu zuwa, kar a gan su a ce asibitin mahaukata, alhali farfaɗiya ba hauka ba ce kuma ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa, wurin da aka fi sanin ciwon ne kawai. Matsalar asibiti ita ce kuɗin mota da layi da ranar aiki da za ka rasa, wanda ya taso daga ƙauye in ya haɗa duka wani lokacin ya fi kuɗin ƙwayar. Maganin wannan shi ne in ciwon ya lafa ka roƙi a rubuta maka na wata biyu ko uku, a kuma tura ka asibitin da ya fi kusa da kai don karɓar na gaba.

Famasi mai rijista na cikin gari ya fi tsada kaɗan amma ba layi, kuma in ka zama ɗan gida za su riƙa ajiye maka kamfaninka, wasu har su ɗaga maka ƙafa zuwa ƙarshen wata. Ka zaga uku ko huɗu ka tambayi farashi kafin ka tsaya a ɗaya, bambancin zai ba ka mamaki a titi ɗaya ma. Kemis na unguwa kuwa a doka ba shi da izinin sayar da irin waɗannan, kuma ko ya sayar matsalar ajiya ce. Na tsaya a wani shago da rana tsaka a watan Afrilu, rufin kwano ba silin, mai shagon da kansa yana fifita da kwali, wata uwa ta miƙo kuɗi a dunƙule ta ce a ba ta na kwana biyu, ya ɗauko almakashi ya yanko ƙwaya huɗu daga kati ya ƙulle mata a farar leda, ba suna ba ranar lalacewa. Balfurowet musamman yana jan danshi, in aka ɓare shi daga katinsa aka ajiye lalacewa yake. Ban ga laifin uwar ba, abin da ke hannunta kenan, amma saye da ɗai-ɗai ya fi tsada a ƙarshen wata kuma shi ke kawo daren da za a duba leda a ga wayam. Masu talla a tasha da kasuwar ƙauye kam a bar su, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa magani 1 cikin 10 a ƙasashe irin namu jabu ne ko mara ƙarfi, kuma jabun maganin farfaɗiya ba ka gane shi sai mutum ya faɗi. A Kano tun 2024 aka tashi 'yan magani daga Sabon Gari zuwa cibiyar sari ta Dangwauro, can ɗin ta masu shago ce, amma in kana da amintaccen mai famasi kana iya roƙonsa ya saro maka kwali guda ya ɗora riba kaɗan. In akwai wurin kankarewa a kwalin ka kankare ka tura lambar, kyauta ne.

Lissafin wata kuma da ƙwaya ake yi ba da kati ba. In ana shan ɗaya safe ɗaya dare, 60 kenan a wata, kati shida in mai goma-goma ne. Ruwan magani na yara ya fi ƙwaya tsada kuma yana saurin ƙarewa, in yaro ya isa haɗiya ka tambaya ko za a mayar da shi ƙwaya, amma kar ka daka masa da kanka, mai CR da Epilim mai rufin nan ba a dakawa ba a taunawa.

Ita inshorar ma fa ba a rufe ƙofarta ba. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta kafa NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, akwai tsarin GIFSHIP da wanda ba ma'aikacin gwamnati ba zai iya biya na shekara ya shiga, jihohi ma na da nasu, KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna, ga kuma asusun BHCPF da ake yi wa marasa ƙarfi rijista kyauta ta asibitocin matakin farko. A tsarin NHIA kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kake biya. Ga lafiyayye yana iya ganin asara ce, amma ga mai shan magani kullum lissafin a fili yake: haɗa kuɗin maganinka na wata 12 ka ajiye kusa da kuɗin rijista. Sai dai kafin ka biya ka je asibitin da za a haɗa ka da shi ka yi tambaya biyu, maganina yana cikin jerinku, kuma kuna da shi a kanta yanzu? Don in amsar kullum "babu, je ka saya a waje" ce to ka biya sau biyu. Mai shan finobabiton wataƙila ribar ba ta da yawa sai ta fuskar ganin likita da gwaji, mai shan balfurowet ko lebetirasitam shi ya fi kowa cin moriya in ana samu. Kuma akwai lokacin jira kafin katin ya fara aiki, kar ka daina saye ranar da ka yi rijista.

Akwai kuɗin da ke zurarewa ta wani gefen da ba a son a taɓa. Gida zai ce ba shi da na ƙwayar wata ɗaya amma an kai rago da turare da kuɗin mota wurin mai magani har sau nawa. Ni ban hana kowa addu'a ko ruƙiya ba, a yi, ba sa karo da ƙwaya. Wanda nake tsoro shi ne mai cewa sai an ajiye maganin asibiti nasa zai kama.

In wata ya zo da matsi, dabarun da mutane ke yi su ne raba ƙwaya biyu, ko shan na dare a bar na safe, ko a sha sai an ji alamar ciwon. Duk ba sa yi, maganin sai yana cikin jini daidai gwargwado kullum yake karewa, kuma faɗuwar da ta wuce minti 5 ko ta riƙa maimaituwa mutum bai farfaɗo ba, gado ne a asibiti da allurai da kuɗin da ya fi na maganin watanni, ban da ƙunar wuta ko karaya. Gara tun saura na sati ɗaya ka fara neman na gaba, ka kira wanda za ka kira, in abin ya gagara ka koma wa likita a sauko da kai zuwa mai araha a tsare, ana rage wancan ana ƙara wannan. Da azumi ma haka, mai sha sau biyu sau da yawa ana iya daidaita masa da sahur da buɗa-baki, amma a tambaya tun Sha'aban, kuma rashin barci na tayar da ciwon.

Wanda ya shekara 2 ko fiye bai faɗi ba, likita na iya duba yiwuwar janye maganin gaba ɗaya, yara sun fi samun wannan. Ba kowa ake yi wa ba, ya danganta da irin farfaɗiyar da abin da ya jawo ta, kuma a hankali ake saukowa, finobabiton ma sai a ɗauki watanni ana ragewa.